Darasi ga direban tarakta: kada ka bari gaba ya tashi

Darasinmu na wanga karo bisa tarakta ne. Muna magana da kai direba, da yaronka, da ku shugabannin ƙungiyoyin makiyaya waɗanda anka damƙa ma amanar inji. Da kaka ta yi, aikin tarakta ya tashi ke nan. Za a kwaso harawa da kara da haki a kai rumbu. A arewa, wajen Dakoro da Abalak da Tanut, za a buɗe hanyoyin tare wutar daji. In rani ya kama, sai jigilar ruwa, da dussa da angurya zuwa bankunan abincin bisashe. A gidajen kiwo na gwamnati irin su Tukunus da Ibesetan da Fako ma haka aikin yake. Duk cikin ayyukan nan, ko dai tarakta na goye da kaya a bayanta, ko tana jan tirela, kuma nan ne haɗarin yake.

Wanda ya iya tuƙin mota sai ya ga kamar ya iya tarakta. A'a. Mota doguwa ce, gajera a tsaye, tana da birki ga ƙafa huɗu. Tarakta kuwa gajera ce a kwance, doguwa a tsaye, ba ta da sifirin da zai sha mata girgiza, kuma irin waɗanda sunka fi yawa a wajenmu, masu ja da tayoyin baya kaɗai, birkinsu ga tayoyin baya kaɗai yake. An ƙera ta don ta ja garma a hankali cikin gona. Ranar da ka fito da ita bisa hanya da lodi, ka sa ta aikin da sai da dabara take yin shi lafiya.

Tarakta sikeli ce

Ka ɗauki tarakta awa sikelin mai awon hatsi. Tsakiyar sikelin shi ne aksul na baya, wato ƙarfen da ya haɗa manyan tayoyin nan biyu. Inji da tayoyin gaba suna hannu guda. Duk abin da ka rataya a baya, garma ce, injin yankan haki ne, akwatin ɗaukar kaya ne, yana ɗaya hannun. In baya ya yi nauyi, gaba ya yi sama. To, sitiyarinka kuwa ba shi da wani iko sai ta tayoyin gaba. In sun danne ƙasa, ka juya ta juya. In sun yi sakayau, ka murɗa sitiyari iya ƙarfinka, tarakta ta wuce gaba abinta.

Ko ba kaya, tayoyin gaba kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyin tarakta kaɗai suke ɗauke da shi. Ƙa'idar da masu ƙera ta sunka aje ita ce: kome ka rataya, kada nauyin da ke bisa tayoyin gaba ya kasa kashi ɗaya cikin biyar na dukan nauyin, tarakta da kayanta gaba ɗaya.

Bari mu yi lissafi da misali, ka bi mu sannu. A ce taraktarka kilo 2500 ce: kilo 800 ga gaba, kilo 1700 ga baya. Tsakanin aksul na gaba da na baya mita 2. Ka rataya garma mai faya-fayai ta kilo 500, kuma tsakiyar nauyinta yana mita 1,2 bayan aksul na baya. Da ka ɗaga ta sama, nawa ta rage ma gaba? Ka riɓa 500 sau 1,2, ka sami 600. Ka raba da mita 2, ka sami 300. Kilo 300 ke nan sunka bar tayoyin gaba sunka koma baya. Saura 500 ga gaba. Dukan nauyi yanzu kilo 3000 ne, kashi ɗaya cikin biyar nashi kilo 600. Ka gani? Kana da giɓin kilo 100 tun ba ka motsa ba. Tayoyin baya kuma, da sunka saba da kilo 1700, yanzu 2500 suke ɗauke da shi.

Yanzu a ce mutum biyu sun roƙe ka ka rage musu hanya, sun hau bisa garmar sun zauna. Kilo 140 ke nan a wuri mai nisa da aksul, sun ƙara rage ma gaba fiye da kilo 80. Wannan duk tarakta na tsaye. Da ka taka gargada, garma ta yi tsalle ta dawo da ƙarfi, nauyin da ke gaba yana iya komawa babu na ɗan lokaci. In lokacin nan ya dace da kwana, ko da kamiyo na tahowa, sai abin da Allah ya yi.

Abin lura cikin lissafin nan shi ne nisa. Kaya mai kilo 300 wanda ya miƙe baya da nisan mita 2 daidai yake da mai kilo 600 da ke mita 1. Don haka injin yankan haki mai dogon jiki ya fi ɗaga gaba bisa ga yadda ido ke gani.

Maganin abin shi ne ƙarafan nauyi da ake jerawa a hancin tarakta. A misalinmu, in ka rataya guda huɗu masu kilo 40, wato kilo 160, rabin mita gaban aksul, za su ƙara ma tayoyin gaba kilo 200, don su ma sikelin yana yi musu aiki. Gaba ya koma 700, an wuce ƙa'ida. Sau da yawa ƙarafan nan suna zuwa tare da tarakta, amma sai ka tarar an tokare ƙofar magazan da su, ko an kai ma maƙeri. Shugaban ƙungiya, ka bincika inda naku suke. Kada a maye gurbinsu da mutum zaune bisa bonet, ko dutsen da anka ɗaura da igiya. In dole ce, a sa mai walda ya yi akwatin ƙarfe mai ƙarfi a ɗaure shi da kusoshi ga mazaunin ƙarafan, a cika shi da abin da anka auna. Ruwan da ake ɗura ma tayoyin baya yana da amfani, yana ƙara kamun ƙasa, yana sauko da nauyi ƙasa, amma ba ya danne gaba ko kaɗan. Kuma in ka sauke garma za ka yi aiki marar nauyi cikin yashi, ka cire ƙarafan, don kada gaba ya riƙa nutsewa kana ƙona gazuwal a banza.

In ba sikelin awon mota kusa da ku, jikinka zai gaya maka. Sitiyari ya yi sauƙi fiye da yadda ka saba, gaba yana rawa in ka saki kuloci, ka juya a yashi tayoyi na share ƙasa ba su kamawa, ko ka tarar sai da birkin gefe guda kake iya kwana: duk alamu ne gaba ya yi sakayau. Ka tsaya ka gyara. Bisa hanya kuma, kada ka ɗaga kaya har ƙarshe in ba dole, ka ɗaure sarƙoƙin gefe don kada ya riƙa lilo dama da hagu, kuma ka tuna in ka yi kwana dama, wutsiyar garma hagu take kai mari.

Inda ake ɗaura abin ja

Wanga shi ne wurin da muke so ka fi riƙewa. A ƙasan tarakta, daga baya, akwai sandar ƙarfe mai huda wadda anka yi don ja. Tana ƙasa da aksul, kuma da gangan anka aje ta nan. In kana ja daga ƙasan aksul, da gaba ya fara tashi sai sandar ta yi ƙasa, ƙarfin jan ya ragu, tayoyi su yi ta juyawa a wuri guda. In kuwa ka ɗaura sarƙa ga aksul kanshi, ko ga mahaɗin hannun sama na garma, ko bayan kujera, to kayan da kake ja shi ke taya injin ɗaga gaba. Tarakta ta miƙe tsaye awa doki, ta kife ta baya, direba na ƙasa.

Masu bincike sun auna saurin abin. Cikin kashi uku bisa huɗu na sakan guda tarakta ta kai inda ba ta komowa, cikin sakan ɗaya da rabi ta gama kifewa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta nemi kuloci, an wuce wurin. Don haka kada wani ya gaya maka shi gwani ne, zai taka kuloci in ya ga ta tashi.

Matsalar tsohuwa ce. Taraktocin farko sun kashe mutane da yawa ta haka, in garma ta kama dutse ko saiwa. Wani mutumin Ailan ta Arewa, Harry Ferguson, shi ya ƙago dabarar haɗa garma da hannuwa uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, ya kuma yi mata rajista. In garma ta kafe, hannun sama ya tokare tarakta ya danne gaba. Sunanshi ne rabin sunan Massey Ferguson da kuke gani a jikin jajayen taraktoci. Amma dabarar tana aiki ne in garma na haɗe yadda ya kamata. Mahaɗin hannun sama wurin tokara ne, wanda ya ɗaura igiyar ja a nan ya juya dabarar ta koma kanshi.

A ina ake faɗawa tarkon nan? Wajen cire kututture a gona. Wajen jawo kamiyo da ya kafe a yashin gulbi, an taru ana ta "ja! ja!". Wajen fid da saniya da ta nutse a laka bakin tabki. Wajen ja da baya a saki sarƙa ta yi sako-sako sannan a fizga da gudu. Har wa yau, in ita tarakta ce ta kafe a fadama, kada ka ɗaura gungume ga tayoyin baya. Taya da ta kasa juyawa, injin zai juya jikin tarakta kewaye da ita. Ka haƙa bayan tayoyi, ka shimfiɗa kara ko itace, ka fita da baya. Da giyar baya tarakta ba ta tashi ta gaba. In ta ƙi, a nemo wata ta ja ta.

Tirela

Tirela iri biyu ce a wajenmu. Mai taya biyu tana aza wani kashi na nauyinta bisa sandar ja. Wannan yana ƙara ma tayoyin baya kamun ƙasa, amma yana rage ma gaba nauyi, sai a koma ga lissafin sikeli. Wajen lodinta, kaya masu nauyi su zauna ƙasa, bisa aksul ɗinta da ɗan gaba kaɗan. In ka tara buhunan angurya a wutsiya, tirela za ta ɗaga bayan tarakta, kuma ka tuna nan ne birkinka duka yake. Mai taya huɗu ita ke ɗauke da nauyinta, ba ta danne tarakta ko kaɗan. A miƙe tana da daɗin ja, amma a gangara tura take yi, tayoyin bayanka ba su da ƙarin nauyin da za su riƙe ta.

Littattafan masu ƙera tarakta suna cewa tirelar da ba ta da birkin kanta, ita da lodinta kada su wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi. Ga tarakta mai kilo 2500, kilo 3750 ke nan, har da nauyin ita tirelar. In tirela tan ɗaya ce, lodinka tan biyu da kilo 750, wato buhu 55 masu kilo 50. Mun san ana loda fiye da haka, ana kuma isa lafiya sau da yawa. Injin yana iya jan abin da birki ba ya iya tsayarwa, shi ya sa direba ba ya gane ya wuce iyaka sai ranar da akuya ta gitta ko gangara ta yi tsawo.

Lodi uku na aikin kiwo suna da halin kansu. Na fari harawa da kara: ba nauyi sosai, amma ana tula su har su ninka tsawon tarakta. Nauyi ya hau sama, iskar hunturu na bugun gefe, taya guda ta faɗa rami sai tirela ta kwanta, wani lokaci ta murɗe tarakta tare da ita. Gara sawu biyu da tulin da ya fi ƙarfin igiya. Na biyu ruwa. Lita 1000 tan guda ce, duro mai lita 200 kilo 200 ne ban da nauyin duron. Tankin da ya cika maƙil ya fi lafiya bisa wanda ke rabi, don ruwan rabin tanki gudu yake yi a ciki: ka taka birki ya taho gaba ya ture ka, ka yi kwana ya kwashe gefe guda. In tankin ba shi da shingaye a ciki, ka cika shi ko ka tafi da shi wofi, in kuwa dole ka yi rabo a rugage, ka rage gudu ƙwarai bayan zubin farko. Na uku bisashe. Bijimi guda yana kai kilo 400, kuma lodi ne mai ƙafa. In uku sun firgita sun koma gefe guda, fiye da tan ke nan ya matsa lokaci ɗaya. A ɗaure su gajere, a raba su da itace, a zuba yashi ko kara a ƙasa don santsi.

Ƙusar haɗi ta zama ta ainihi, mai kauri daidai da hudar, da ɗan fil mai hana ta tsalle. Guntun rodi ko tsohon kusa da anka tsinta ba ƙusar haɗi ba ne. A ƙara sarƙar tsaro tsakanin tirela da tarakta. Lokacin haɗi, yaron mota kada ya shiga tsakani sai tarakta ta tsaya cik, an sa birkin hannu. Kafin a kwance tirela mai lodi, a sa dutse ga tayoyinta.

Gudu, kwana da gangara

Kifewa ta gefe ita ta fi yawa. Aksul na gaba a tsakiya yake rataye, yana lilo, don haka tarakta kamar tukunya take bisa duwatsun murhu uku: tayoyin baya biyu da tsakiyar gaba. Abin da ke ture ta a kwana yana ƙaruwa da gudu fiye da yadda kake zato. Ka ninka gudu sau biyu, turin ya ninku sau huɗu, nisan tsayawa ma haka. Kwanar da ka sha lafiya da kilomita 10 a awa, da 20 tana iya kayar da kai. A rage gudu tun kafin kwana, ba cikinta ba.

Kafin ka hau hanya, ka haɗa fedojin birki biyu da ɗan ƙarfen da anka yi don haka. A gona ana raba su don juyawa a ƙarshen kunya. Bisa kwalta, in ka taka guda da gudu, tarakta za ta fizge gefe nan take. Kuma da yake a gona gefe guda ya fi cin aiki, sai birkin ya cinye ba daidai ba. A sa makanike ya daidaita su. Fedar nan da ke kulle tayoyin baya su juya tare, don fita daga laka take. In ta maƙale ba ta saki ba, tarakta ba ta yin kwana. Ka tabbata ta saki.

Masu aiki a ƙasar Adar, wajen Keita da Buza da kwarin Majiya, ku kuka fi kowa sanin gangara, amma tudun yashi da bakin ƙorama ko'ina akwai su. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, kuma tun a sama ake sa ta. Kada ka taka kuloci ko ka fid da giya a gangara don tsimin gazuwal: injin ne babban birkinka, in ka sake shi ba ka sake kama giyar. In kana goye da kaya mai nauyi kuma tudun ya miƙe, ka hau da baya, ka sauko da gaba, nauyin ya kasance ta wajen sama kullum. A guji gitta tudu a karkace. In ba makawa, a tafi sannu, kayan da ya fito gefe ya kasance ta sama, in kuma ka ji tayar sama na son tashi, ka karkata sitiyari wajen gangara. Inda aikin tudu ya yi yawa, a buɗa tsakanin tayoyi, yawancin taraktoci an yi su da wannan dama. Bakin ƙorama ko gulbi kuwa, ruwan damana yana cinye ƙasan gaɓa ya bar sama kamar lafiya lau. Ka nisanci baki aƙalla gwargwadon zurfin ramin: zurfin mita 2, nisan mita 2.

Bisa babbar hanya irin wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, kai ne marar gudu cikin masu gudu. Da almuru ko cikin hazo, tirelar da ba fitila ba abin ƙyalli a bayanta bango ce a tsakiyar hanya. In fitilu sun mutu, a kwana a tashi da safe.

Ƙarfen kariya da maganar fasinja

Ƙarfen nan mai kamar ƙofa da ke tsaye bayan kujera ba don rataya rumfa anka yi shi ba. In tarakta ta faɗi, shi ke tokare ƙasa ya bar ma direba wurin da zai tsira, sau da yawa kuma ya hana ta ci gaba da mirginawa. Ƙasar Suwidin ce ta fara tilasta shi ga sababbin taraktoci a 1959, kuma mutuwar direbobi ta hanyar kifewa ta ragu ƙwarai a can. Yana aiki ne tare da ɗamarar kujera, don ita ke riƙe ka cikin wurin da ya kare. In taraktarka ba ta da ƙarfen, kada ka ɗaura ɗamara. In tana da shi, kada a yanke shi don shiga rumfa, kada a huda shi, kada a yi mashi walda. Wanda mai walda ya haɗa da bututun ruwa inuwa kaɗai yake bayarwa, nauyin tarakta zai lanƙwasa shi.

Saura maganar da ta fi wuya a ƙauye. Ranar kasuwa ce, ga tsohuwa da kaya, ga ɗiyan maƙwabci, ga mai gari da kanshi ya ɗaga hannu. Kunya ba ta barin direba ya wuce. Amma kujera guda ce a tarakta. Wanda ya zauna bisa murfin taya, gargada guda ta ishe shi ya zame gaban babbar taya. Wanda ya tsaya bisa sandar ja, in ya faɗi tayar tirela ce ke bin shi. Wanda ya hau tulin harawa ya ƙara ma tulin tsawo da nauyi. Bai kamata a bar direba shi kaɗai da wannan nauyi ba. Ku shugabanni, ku yanke maganar a taron ƙungiya, a gaban mai gari da liman, a rubuta ta cikin takardar dokokin amfani da tarakta, a kuma rubuta adadin buhu da na duro da anka yarda a loda a jikin tirela da fenti. Ta haka in an tsai da direba a hanya, yana da abin faɗi: "Ku yi haƙuri, baba, ba ni na hana ba, dokar ƙungiya ce."